Martani ga Masu Cewa Neman Ɓoyayyen Abu Ɓata Lokaci Ne

Ana yawan jifan masanan da ke farautar ɓoyayyen abu a sararin samaniya da zargi huɗu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai sun ƙago abin da ido bai taɓa gani ba. Ta nauyinsa aka gano shi. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungun taurarin da ke tarin Coma suna gudun da nauyin abin da ake gani ba zai iya riƙe su ba. A shekarun 1970 Vera Rubin ta ga haka a taurarin da ke gefen gungu. Ma'aunin tauraron ɗan'adam na Planck ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na abu mai nauyi a sararin samaniya irin wannan ne.

Na biyu, wai tun da aka harba na'urar Fermi mai hangen hasken gama a 2008 babu abin da aka samo. Hasashen shi ne idan ƙwayoyi biyu na abin suka haɗu suka halaka juna, hasken gama zai fito. Kwaikwayon kwamfuta irin su Aquarius ya nuna gungunmu kewaye yake da ƙananan dunƙulen abin masu tarin yawa. Wasu, kamar Draco da Segue 1, 'yan taurari kaɗan suke ɗauke da su, don haka babu hasken da zai rufe alamar. A 2015 aka haɗa bayanan shekara 6 daga irinsu 15, ba a ga komai ba. Wannan shirun ya soke ƙwayoyi marasa nauyi da dama da aka daɗe ana zato.

Na uku, wai duk hasken da suka gani sai su ce shi ne. Da Lisa Goodenough da Dan Hooper suka nuna rarar haske a tsakiyar gungunmu a 2009, 'yan uwansu masana ne suka ce wataƙila tsofaffin taurarin pulsa ne. Alamar da aka gani a dunƙulen Reticulum II a 2015 kuwa ta yi rauni da aka tace bayanan.

Na huɗu, wai ba ruwan Afirka. To, na'urorin H.E.S.S. a Namibiya suke tun 2002, kuma suna cikin masu leƙen dunƙulen nan.

Sharaɗin da masanan suka gindaya wa kansu ya fi na masu zargi tsauri: sai haske mai ƙarfi iri ɗaya ya bayyana a dunƙule da yawa, gwargwadon nauyin kowanne da nisansa, kafin su ce an gani.