Kakaki: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida a Fadar Kabi

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada a Argungu ko Birnin Kebbi ranar hawan Sallah ya san kafin a hango rawanin sarki, kunne ya riga ido labari. Kakaki ke kai shi. Dogon bututun ƙarfe ne da kan haura mita 2, ba rami ko ɗaya da za a ɗora yatsa a kai kamar na algaita ko sarewa. Leɓe da numfashin mabushi kaɗai ke sarrafa shi, kuma galibi murya biyu yake fitarwa, ta sama da ta ƙasa. Da waɗannan biyun ake busa taken sarki har mai sauraro ya tsinci kalmomin, domin ita ma Hausa a kan hawa da saukar murya take tafiya.

Mutane da yawa sun ɗauka tare da sarauta aka haife shi. Ba haka ba ne, baƙo ne. Danginsa na nan a Maroko, inda ake busa nafir a dararen azumi, da Uzbekistan inda ake kiran irinsa karnai. Littafin Tarihin Kano ya lissafa shi cikin sababbin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, tare da figini. Tarihul Fattash na malaman Tambutu kuma ya nuna Askiya Muhammadu na Songhai sai a yaƙin da ya kai ƙasar Azbin wajen 1500 ya same shi. Ke nan Kano ta riga babbar daular Songhai ita kanta.

Nan labarin ya ratso ƙasar Kabi. Muhammadu Kanta yana cikin rundunar Askiya da ta ci Agadas. Rabon ganima ya haɗa su rigima, ya ɓalle wajen 1516, ya fatattaki mayaƙan da aka turo masa, ya zauna a Surame da sarautar kansa. A ganina mutumin da ya yi yaƙi a rundunar da ake busa wa kakaki ya fi kowa sanin ma'anarsa: wanda aka busa wa ba ya ƙarƙashin kowa a wurin. Shi ya sa ba a busa wa attajiri komai dukiyarsa.

Jihadi ya zo, Birnin Kebbi ta faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, Shehu Usmanu kuwa ya soki shagaltar sarakuna da kiɗe-kiɗe a Kitabul Farƙi. Duk da haka kakaki bai mutu ba. Yau gidan Gwandu da gidan Kanta, da suka shekara kusan ɗari suna gaba, duka ana busa musu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne hannun da ya raya shi. Maƙeran fari ke buga tagulla ta yi falle, su naɗe ta, su liƙe, su yi shi gaɓa-gaɓa yadda za a kwance a rataya a kan doki. Da kananzir ya shigo zamanin Turawa, sai suka ga gwangwaninsa ya fi sauƙin samu kuma ba nauyi, suka yanka shi suka ƙera. Ba wanda ya ce sarauta ta zube don an busa wa sarki gwangwani. Waɗannan mutane ba su tsare gado ta hanyar kulle shi a ɗaki ba, sun karɓi abin da zamani ya kawo suka sa shi aiki. Mun haddace sunayen sarakunan da aka busa wa, na maƙeran da mabusan kuwa mun bari sun bi iska, kuma wannan rashin adalci ne.

Tsohuwar fadar Argungu ta zama Gidan Tarihi na Kanta tun 1958, tana adana makamai da ganguna. Amma take ba ya zama a akwatin gilashi, a ƙirjin tsofaffin mabusa yake. Masarautun nan biyu da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi za su iya zaunar da su a naɗi kowane take tare da kalmominsa, a ɗauki hoton maƙeri tun daga yankan ƙarfe har liƙi na ƙarshe, a kuma ware wa yaran da ke koyo a gidajen busa ɗan abin da zai riƙe su kan sana'ar.