Ba kowane kumburi ne gwaiwa ba

Saurayi a Barmu ko Kaita zai ji ƙwan marainansa ya yi tauri, ba zafi, sai ya ce gwaiwa ce, kunya ta hana shi zuwa likita. Wani lokaci cutar kansa ce, alhali tana warkewa in an riske ta da wuri. A 2019 wani mai bincike, Dieckmann, da abokan aikinsa a Jamus sun nuna cewa wani ɗan sinadari a jini, miR-371a-3p, yana tona asirin cutar a kusan mutum 90 cikin 100. Nau'in cutar da ake kira seminoma yana zubo shi a jini, nau'in teratoma kuwa ba ya yi, don haka gwajin ba ya maye gurbin hannun likita. Ni dai roƙona, ma'aikatan lafiya a ƙauyukan Adar su riƙa duba samari kafin su tafi ci-rani, su tura wanda suka yi shakka a kansa Tawa a ɗauki hoto.