Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A wannan mako filinmu ya leƙa Farin Gada ta garin Jos, inda kasuwar kayan gwari ke maƙwabtaka da Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ɗalibanta masu koyon rubuta manhajar kwamfuta suna da babban darasi a bakin ƙofarsu.

A ɗauki kwando biyu na tumatir, cikarsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Wurin mai saye duk ɗaya ne. Amma dillali ya san kowanne da manominsa, in kuwa ya gama su ya ci amanar wani. To, ita ma kwamfuta tambaya biyu gare ta: shin abu guda ne aka kira da suna biyu, ko kuwa abu biyu ne masu ciki iri ɗaya?

A harshen Java, alamar == ita ke amsa ta fari, equals kuma ta amsa ta biyu, muddin marubuci ya fayyace mata abin da za ta gwada. A Python kuwa == ke duba ciki, is ke duba asali. Wanda ya rikita su cikin manhajar littafin bashi yana iya lafta wa mutum bashin takwaransa, ko ya raba bashin mutum ɗaya gida biyu.

Idan irin wannan ɓarna ta auku, abin tambaya shi ne yaushe ta shigo. Nan ne amfanin Git, watau ma'ajiyar tarihin gyare-gyare da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin aikin Linux. Kowane gyara aka ajiye, tana riƙe da sunan mai shi da lokaci da dalili. Ciki take dubawa: takan yi wa kowane rubutu lamba mai baƙi 40, wadda ko harafi ɗaya aka sake sai ta sake. Da haka ake bin sawu har ranar da kuskure ya shiga, a warware shi.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu, su riƙa ajiye gyara kaɗan-kaɗan, kowanne da dalilinsa a fili, domin dukiyar bayin Allah ce ke hannunsu. Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.