Ƙarar Tafet da Jiran Minti Ashirin

A gidaje da dama na Nima da Maamobi, babur ne ke kawo cefane, shi ne kuma ke kai yara makaranta. Saboda haka duk ranar da kan injin ya soma ƙas-ƙas, har uwargida sai ta kasa kunne.

Galibi wannan ƙara ta tafet ce, wato ƙarfen da ke tura bawul ya buɗe. Tafet kuwa iri biyu ne. Na ƙananan babura irin su Boxer da Haojue da hannu ake saita shi, injin yana sanyi, a bar tazara kamar kaurin gashin kai. Mun taɓa ganin makaniken da ya ɗaure shi tamau don a ce ya kashe ƙara. Mai babur ya tafi yana murna, bayan 'yan makonni bawul ya ƙone.

Iri na biyu shi ne mai aiki da mai, wanda ake samu a wasu manyan babura na hannu, irin Harley-Davidson da ya fara amfani da shi tun 1948. A cikinsa akwai ɗan fistin da baƙin mai ke cikawa, sai ya toshe tazarar da kansa. In ya lalace, yawanci sauya shi ake yi.

Kafin a biya kuɗin sabo a Abossey Okai, a tabbata lambarsa ta dace da injin. A shafe shi da mai, a juya injin har tafet ɗin ya sauka ƙasa sosai. In sandar turin mai saiti ce, a tsawaita ta har ta taɓa, a ƙara yawan zagayen da takardarta ta faɗa, a kulle noti.

To, a nan ne samarinmu ke kasa haƙuri, musamman in Sallah ta gabato ana ɗokin fita gari. Wajibi ne a dakata minti 10 zuwa 20, man da ke ciki ya tsiyaye, har sandar ta riƙa juyawa da yatsu biyu. Wanda ya juya injin kafin nan, bawul na nan a buɗe, fistin zai doke shi ya lanƙwashe, aikin yini ya koma na mako.

In an tayar da injin aka ji 'yar ƙara ta mintunan farko, kada a tsorata, mai ne ke cikawa. In ta ƙi ɗaukewa, a kashe, a fara duba baƙin man: ƙofar shigarsa tafet ƙarama ce ƙwarai, ɗan datti ya isa ya toshe ta.