Ƙaramin fayil ɗin da masu koyar da rubuta manhaja ke tsallakewa

Manhajar banki da ke cikin wayarka, da ta sayen kati, da ta kiran mota, babu wadda aka haɗa da hannu. Mai rubuta manhaja yana rubuta umarninsa ne, sai wata manhaja ta daban ta karɓi rubutun, ta sauko da sassan da wasu suka riga suka rubuta daga rumbunan intanet, ta gwada, ta ɗaure komai wuri guda har ya zama abin da za ka iya sa wa a waya. Ita ce manhajar harhaɗawa. Tsohuwar cikinsu, Make, Stuart Feldman ne ya rubuta ta a Bell Labs ta Amurka a 1976. Maven ta fito a 2004 ƙarƙashin gidauniyar Apache, Gradle kuma ta zama ruwan dare tun da Google ya ɗauke ta a 2013 don gina manhajojin Android. Kowacce daga cikin na zamanin nan tana ba mai amfani da ita wani ɗan fayil na saiti wanda nasa ne shi kaɗai, yana zaune a kwamfutarsa. Ra'ayina shi ne wannan fayil, da sanin abin da ya kamata a sa a cikinsa da abin da bai kamata ba, ya cancanci a koyar da shi tun makon farko, kuma kamfanin da ya bar kowane ma'aikaci ya cika nasa yadda ya ga dama yana wasa da amanar mutanen da suka ba shi bayanansu.

A duba Maven da kyau, don a nan rabon ya fi fitowa fili. Kowane aiki yana da fayil mai suna pom.xml, wanda ke faɗin sunan manhajar, da sassan da take buƙata, da lambar fitowar kowane sashe, da rumbun da za a kai ta idan an gama. Wannan na kowa ne: yana tafiya tare da rubutun manhajar, duk wanda ya kwafi aikin ya kwafe shi. Can gefe kuma, a foldar mutum ta kansa, akwai wata ɓoyayyiyar folda mai suna .m2, a cikinta ake ajiye settings.xml. A nan mutum ke rubuta sunansa da kalmar sirrinsa ta shiga rumbun kamfani, da adireshin sabar da ofis ya ce a bi ta kanta kafin a fita intanet, da wurin da yake so a riƙa tara sassan da aka sauko. Abin da ke haɗa fayilolin biyu suna ne kawai. Fayil ɗin aiki ya ce a kai kaya rumbun da ake kira kaza, fayil ɗin mutum ya ce ga makullina na rumbun kaza, Maven ta haɗa su a lokacin aiki. Kamar zanen gini ne da makullin sito: zanen kowane magini ya kamata ya gani, iri ɗaya sak, amma makulli aljihun wanda aka damƙa wa yake zama. Gradle ma haka take, da gradle.properties a foldar .gradle ta mutum. Npm ta masu JavaScript tana da .npmrc.

Kuskure na farko shi ne cusa abin mutum cikin abin jama'a, kuma dalilinsa gaggawa ce. An ce a kai aiki yau, harhaɗawa ta ƙi tafiya don babu kalmar sirri, sai a liƙa ta cikin fayil ɗin aiki da niyyar a cire daga baya. To, Git, wadda kusan kowa ke ajiye rubutun manhaja da ita, ba ta mantuwa. Ko ka goge layin gobe, yana nan cikin tarihin aikin, kuma duk wanda ya taɓa kwafar aikin ya tafi da shi. A 2016 masu kutse sun shiga ma'ajiyar rubutun kamfanin Uber a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git, suka tarar da makullin shiga sabar kamfanin a rubuce, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya yi shiru, sai a Nuwamban 2017 maganar ta fito, a 2018 kuma ya amince ya biya dala miliyan 148 ga jihohin Amurka. A Oktoban 2022 Toyota ta sanar cewa wani makulli ya shafe kusan shekara biyar a fili a GitHub, abin da ya jefa adireshin imel na abokan cinikinta kusan 296,000 cikin haɗari. Waɗannan kamfanoni ne masu sashen tsaro na musamman. Matashin da ke gina manhajar Android shi kaɗai yana fuskantar irin wannan jarrabawa da kalmar sirrin makullin da yake sa wa manhajarsa hannu, kuma jagorar Google da kanta ta ce a fitar da ita zuwa wani fayil na daban wanda ba ya shiga Git.

Kuskure na biyu ba a cika maganarsa ba, don ba ya kai kowa kotu, amma shi ya fi cin lokacin mutane. Shi ne cusa abin jama'a cikin abin mutum. Fayil ɗin settings.xml yana ba ka damar ƙara wani rumbu da fayil ɗin aiki bai san da shi ba, ko ka canza ƙimar wani abu da harhaɗawa ta dogara da shi. Mutum ya yi haka don ya warware wata matsala, ta warware, ya manta. Bayan wata shida aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, ta kwafi aikin, ya ƙi haɗuwa. Ta tambayi mutumin, ya ba ta amsar da duk mai wannan sana'a ya sani: ai a kwamfutata yana aiki. Gaskiya ya faɗa, don rabin bayanin yadda ake gina manhajar yana ɓoye a foldarsa, ba a rubuce inda kowa zai gani ba. Ranar da aka sace kwamfutar, ko ya samu aiki a wani wuri, kamfanin ya wayi gari da rubutun manhajar da ba ya iya ginawa. Ma'aunin da nake ganin ya isa shi ne wannan: idan cire wani layi zai canza abin da aka gina, layin na fayil ɗin aiki ne, idan kuwa layin yana faɗin wane ne kai ko ta wace hanya kwamfutarka ke fita waje, naka ne.

Mai musu zai ce, to ai kwamfutar mutum ma ana shiganta, me aka tsira da shi? Maganarsa tana da ƙarfi. A Satumban 2025 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna Shai-Hulud ta bazu cikin rumbun npm, tana kwashe makullai daga kwamfutocin masu rubuta manhaja, tana amfani da su wajen gurɓata wasu sassan, har ta taɓa ɗaruruwa. Ɓoye kalmar sirrin da Maven 3 ke yi ma ba katanga ba ce mai tsawo: babban makullin yana cikin wani fayil na kusa, settings-security.xml, duk wanda ya samu fayilolin biyu ya gama, shi ya sa aka ba da damar a mayar da shi kan filashi. Amma a auna ɓarnar biyu. Kalmar sirrin da ke cikin fayil ɗin aiki ɗaya ce ga kowa, tana hannun duk wanda ya taɓa aikin, har ɗan kwangilar da ya tafi bara, kuma idan ta fita ba wanda zai san ta hannun wa ta fita. Wadda ke fayil ɗin mutum ta mutum ɗaya ce. An sace ta, a soke ta kaɗai, sauran su ci gaba da aiki, kuma rajistar rumbu za ta nuna me aka yi da sunansa. Rabuwar ita ce ke ba da damar a bai wa kowa makulli mai iyaka, mai karantawa kawai ko mai ƙarewa bayan ɗan lokaci. Idan makulli ɗaya ne na gari duka, wannan zance bai ma taso ba.

Inda ma'aunin ya fi wahalar aiki shi ne batun rumbun kusa, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Harhaɗawar farko a sabuwar kwamfuta tana iya sauko da ɗaruruwan fayiloli. Ajin mutum talatin a Kano ko Zariya, kowa yana sauko da abu iri ɗaya ta datar wayarsa, asara ce tsagwaronta, ga intanet da ke yankewa ana tsakiyar aiki. Maven ta tanadi magani a settings.xml: ka nuna mata wata saba ta cikin gida, mai ɗauke da manhaja irin Nexus ko Artifactory, wadda za ta sauko da kowane sashe sau ɗaya ta raba wa kowa, akwai kuma layin da ke cewa a yi aiki da abin da aka riga aka tara, kada a leƙa intanet. Wannan ya dace da fayil ɗin mutum, tunda hanya ya canza, ba kaya ba. Sai dai wanda ya riƙe hanya yana iya musanya kaya. A Fabrairun 2021 wani mai binciken tsaro, Alex Birsan, ya nuna cewa idan aka saita rumbun gida da na waje ba da kula ba, za a iya yaudarar manhajar harhaɗawa ta ɗauko sashen bogi mai suna ɗaya da na cikin gida. Ta haka ya kutsa kamfanoni sama da 35, ciki har da Apple da Microsoft. A shekarar ce Maven 3.8.1 ta fara toshe rumbunan waje da ba su da kariyar HTTPS, kuma abin takaici, maganin da ya fi yawo tsakanin masu koyo shi ne wasu layuka da ake liƙawa a settings.xml don a buɗe abin da aka toshe. Saboda haka fayil ɗin na mutum ne, amma ɓangaren rumbu bai kamata kowa ya ƙirƙiri nasa ba. Ofis ko makaranta ce za ta rubuta shi, ta duba, ta raba, mutum ya cike gurbin sunansa da makullinsa kawai.

Wasu malaman za su ce ɗalibin da bai gama gane yadda ake rubuta umarni ba, ɗora masa wannan nauyi ne. Ban yarda ba. Darasin bai fi awa ɗaya ba: a buɗe foldar .m2 a gaban aji, a nuna fayil ɗin, a buga umarnin mvn help:effective-settings don ɗalibi ya ga abin da Maven ke karantawa bayan ta haɗa saitin kwamfuta da nasa, sannan a sa shi ya gina aikinsa a kwamfutar abokinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗabi'ar liƙa kalmar sirri a ko'ina a watannin farko take shiga hannu. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani, kuma cikinsu ne za a samu masu gina manhajojin asibitoci da makarantu da ƙananan bankuna. Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Kamfanin da ma'aikatansa goma ke amfani da kalmar sirri ɗaya da ke kwance cikin tarihin Git zai ƙare awa 72 ɗin nan bai gano ta ina aka shigo ba, balle ya san bayanan wa aka ɗauka.