Uwa a Gindin Murhu

Ni dai ban yarda aiki kaɗai ke kai masanin fiziks kujerar girma ba. A ƙungiyar Royal Society ta Ingila, sai mambobi biyu sun gabatar da sunanka kafin a duba aikinka. To, wanda ba shi da uwa a gindin murhu fa, wa zai tuna da shi?

Ku dubi Marie Curie. A 1911 ta nemi kujera a Majalisar Kimiyya ta Faransa, ga Nobel ta 1903 a hannunta, aka zaɓi Édouard Branly. Sai a 1979 mace ta zama cikakkiyar mamba a can.

Malamai, ku daina tsayawa kan ɗalibanku da abokanku. Ku gabatar da wanda aikinsa ya isa, ko ba ku taɓa gaisawa ba.