Ba a fafe gora ranar tafiya: shirin kayan mai hoto

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin bukukuwa a karkara. Wannan gida ana ɗaurin aure, wancan ana zanen suna. Samari kuma suna shirin tafiya ci-rani, kowa yana so ya bar wa iyayensa hotonsa. Saboda haka filin sana'a na wannan wata ya tsaya bisa mai hoton gida, wato mutumin da ake kira ƙauye-ƙauye da ruga-ruga don ya ɗauki hoton iyali.

Aikinsa ya sha bamban da na sauran masu sana'a. In tela ya ɓata riga, sai ya warware ya sake ɗinki. In maƙeri ya ɓata hauya, sai ya maida ta wuta. Amma ranar suna guda ce. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya mance batir a gida. Tsohon da ya zauna yau tsakiyar jikokinsa, Allah kaɗai ya san ko baɗi yana nan. Ga kuma uban jariri can Libiya ko Abijan ko Legas, yana jiran hoton ɗan da bai gani ba tukuna. Mai hoton da ya iso da kaya marasa aiki ya yi asarar kuɗin mota, ya kuma jawo wa gidan asarar da ba a ramawa.

Sana'a ce mai tarihi

Ɗaukar hoton iyali ba yau aka fara ta ba a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. A Bamako, Seydou Keita ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948. Yakan rataya ƙyalle mai zane bayan mutum kafin ya ɗauke shi. Malick Sidibe, shi ma na Bamako, da keke yake bin wuraren biki da dare. Ya rasu a 2016, bayan hotunansa sun zagaya duniya. A Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan mutanen birnin tun shekarun 1960, ya rasu a 2014.

A zamaninsu da fim ake aiki. Fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma sai an wanke shi sannan a san abin da ya fito. Yau ɗan kati da bai kai girman akwatin ashana ba yana ɗaukar hoto fiye da 1000, ana kuma ganin hoton nan take. Kayan sun sake, amma ƙura da rana da hanya suna nan yadda suke.

Tambaya kafin ɗaurin kaya

Mai hoto mai hankali ba ya ɗaure jakka sai ya tambayi wanda ya kira shi abu biyar:

1. Wace rana ce bikin, kuma kwana nawa za a yi?
2. Da rana za a ɗauki hoton ko har da dare?
3. Akwai wutar lantarki a garin, ko pano mai aiki da hasken rana?
4. Hoton takarda ake so, ko a waya za a tura? In na takarda ne, guda nawa?
5. Yaya hanyar take? Mota tana shiga, ko sai babur, ko amalanke?

Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke faɗin abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Wanda zai wuni cikin Tasawa ya dawo, kayansa ba ɗaya ba ne da na wanda zai kwana uku a wata ruga arewa da Dakoro.

Kayan da ba a bari

Ya kamata a rubuta sunayen kayan cikin kaye tun jajibiri. Duk abin da ya shiga jakka, a ja masa layi.

1. Kyamara. A kunna ta tun da dare, a ɗauki hoto biyu ko uku, a duba su. Ciwon da aka gano a gida yana da magani. Wanda aka gano gaban amarya ba shi da shi.
2. Batir biyu, in da hali uku, duka a cike. A sa musu lamba da bik, 1, 2, 3, don kada a rikita wanda ya ƙare da wanda bai ƙare ba.
3. Abin caji da wayarsa. In garin babu wuta, a haɗa da ƙaramin pano ko batirin ajiya.
4. Katin ajiyar hoto, wanda samari ke kira memwar. Kati biyu matsakaita sun fi babba guda, domin in ɗaya ya lalace ba a rasa duka ba. Gefen katin akwai ɗan makulli. In ya sauka ƙasa, kyamara ba za ta karɓi hoto ba. Sau da yawa akan ce kati ya mutu, alhali makullin nan ne ya zame.
5. Fitilar walƙiya don aikin dare da na cikin ɗaki. Yawancinsu pil 4 suke ci. A riƙe wasu 4 na ajiya.
6. Sanda mai ƙafa uku, wadda ake ɗora kyamara bisa. Tana da amfani wajen hoton taron dangi da hoton almuru.
7. Ƙyallen baya, da igiya, da ƙusa kaɗan. Zane mai faɗi marar yawan ado ya isa. Shi ke rufe dangar da ta karye da tarkacen tsakar gida.
8. Kayan shara: ƙyalle mai laushi mai tsabta, da ɗan buroshi mai laushi, da roba mai hura iska.
9. Leda babba mai kauri, guda biyu.
10. Kaye da bik, da katin ɗan ƙasa, da takardar sayen kyamara.

Wasu suna tafiya da ƙaramin injin buga hoto. Irin wanda ya fi yawa yana fitar da hoto mai santimita 10 bisa 15. Takardarsa da tawadarsa tare ake saida su, akwai kwalin 36, akwai na 108. Misali: maigida ya ce hoto 30 yake so. Kwalin 36 ya bar rarar 6 ke nan. To amma a wurin biki maƙwabta ma sukan zo da ɗiyansu, kuma wani hoton yakan ɓaci a sake shi. Rarar 6 ba ta isa. Gara a ɗauki kwali biyu.

Yadda ake jera su

Jakka mai kauri ake so, mai zip mai kyau. Abu mai nauyi ƙasa, marar nauyi bisa. A rufe idon kyamara da murfinsa, a naɗe ta cikin tawul ko rawani mai tsabta, a sa ta tsakiya inda ba ta taɓa gefen jakka. In an girgiza jakka aka ji kaya suna karo da juna, ba a gama shiri ba. A ƙara tsumma tsakaninsu.

Kowane abu ya samu wurinsa, kada a riƙa sake masa. Hannu ya saba, ko cikin duhu ya san inda batir yake.

Batir yana da baki na ƙarfe. In bakin ya haɗu da kuɗin ƙarfe ko makulli cikin aljihu, batir yakan yi zafi, har ya iya kama wuta. Kowane batir a sa shi cikin ƴar ledarsa shi kaɗai. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki. Kada a sa shi cikin kyamara, kada a jefa shi wuta, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

Guzuri jakkarsa dabam. Ƙuli-ƙuli da ƙosai suna fid da mai, sukari yana kiran tururuwa, kwalbar turare tana yoyo, gorar ruwa tana zufa. Ko ɗaya ba ya kwana wuri guda da kyamara.

Ƙura da zafi da ruwa

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba lokacin hunturu. In ta shiga cikin kyamara, kowane hoto sai ya fito da ɗigon baƙi a wuri guda. Don haka ba a cire idon kyamara a fili cikin iska. In ya zama dole, a shiga ɗaki, a juya bakinta ƙasa, a yi sauri. Kuma ba a goge gilashin da bakin riga. Ƙura rairayi ce ƙanana, in an murza ta sai ta karce gilashi, karcen kuwa ba ya gyaruwa. A fara hura iska da robar nan, a bi da buroshi, sannan a shafa ƙyalle a hankali.

Sai zafi. Kamfanonin da ke ƙera kyamara yawancinsu sun rubuta cewa iyakar zafin da take aiki da shi lafiya digiri 40 ne. A watan Afrilu da Mayu, a Tawa da Maraɗi da Damagaram, zafin inuwa ma yakan wuce haka. Jakka baƙa da aka bari cikin rana, ko cikin mota a rufe, ta fi nan zafi nesa. Zafi yana rage ƙarfin batir, yana ɓata takardar hoto. Inda mutum ya nemi inuwa, nan jakkarsa ma za ta zauna.

Da damana kuma ruwa ne. Hadari ba ya sallama. Da an ga ya haɗu, a sa jakkar duka cikin leda, a ɗaure bakin, a ƙara ta biyu. Wajen ƙetare gulbi ko ƙorama, jakka bisa kai take. Laima ita ma tana sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki. Ƴan ƙunshin nan farare da ake samu cikin kwalin sabon takalmi suna shan laima. A tara su a sa cikin jakka, amma a nisanta su da yara, ba abin ci ba ne. In kyamara ta jiƙe, kada a kunna ta. A cire batir da kati, a bar ta ta bushe a inuwa, sannan a kai ta wurin mai gyara.

Bisa hanya

Daga Maraɗi zuwa Damagaram ya fi kilomita 200, amma kwalta ce. Hanyar da ke kashe kaya ita ce ta ƙauye, mai rami da tsakuwa. Ranar kasuwa, kamar Litinin da Juma'a a Maraɗi ko Alhamis a Damagaram, motoci sukan cika maƙil. Yaran mota suna jefa kaya bisa, su ɗora buhun hatsi, su ɗaure awaki a kai. Jakkar hoto ba ta hawa can. Bisa cinya take zama, ko da za a biya mata wani abu.

A babur, a goya ta a baya ko a rataya ta a ƙirji. Jikin mutum yana shanye girgiza. In an ɗaure ta ga ƙarfen baya, duk ramin da aka faɗa ita ke sha. A amalanke ko bisa raƙumi ma hakanan ne.

A tasha, ba a ajiye jakka a tafi salla ko cin abinci a ce wani ya duba. Ba a kuma buɗe ta gaban jama'a ba dalili. A shingen jandarma ko na soja ko na duwan, kyamara ta zauna cikin jakka, ba wurin ɗaukar hoto ba ne. In an tambaya, a nuna katin ɗan ƙasa da takardar saye. Wanda zai shiga jirgin sama, kamar mai zuwa aikin hajji, ya sani batirin ajiya ba ya shiga kayan da ake aunawa a kai cikin jirgi. A jakkar hannu ake riƙe shi.

Rabon maigida

Wanda ya kira mai hoto shi ma yana da nasa aiki. Ya faɗi gaskiyar hanya da ta wuta tun farko. Ya ba baƙonsa ɗaki mai ƙofa inda yara ba su shiga. A yi ciniki kafin a fara, a rubuta yawan hoto da kuɗinsu, kowa ya riƙe takarda. Ya sa wani ɗan gida ya riƙa yi masa jagora, domin ba kowace mace ke son a ɗauke ta ba, kuma baƙo ba ya shiga cikin gida sai da izini. A fara da tsofaffi tun da hantsi, kafin su gaji, kafin rana ta take.

Ranar komawa

Kafin a yi sallama, a buɗe kaye a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya. Abin caji shi aka fi mancewa, domin yana can maƙale a shagon mai caji. Katin da ke ɗauke da hotunan biki a cire shi, a sa aljihun riga na ciki. In jakka ta ɓata, kyamara ana sayen wata, hoton sunan kuwa babu shi a kasuwa.

Da an isa gida, a kwafe hotunan wuri biyu. Kada a share kati sai masu hoto sun karɓi nasu sun ce sun gamsu. Hoton iyalin mutum amana ce. Ba a tura shi wayoyin abokai, ba a manna shi a ƙofar shago, sai mai shi ya yarda. Daga nan a share ƙura, a cika batir, a maida kowane abu wurinsa, domin kiran gaba yana iya zuwa da tsakar dare.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.